Kyautar Na-Kowa

Tun yana yaro aka san Na-Kowa da kyauta. Matsalar ɗaya ce kawai, bai taɓa yin kyauta da abin kansa ba. Shi ne autan gidansu, kuma ya taso da wani irin hannu mai saurin miƙa kayan mutane. In baƙo ya yaba takalmin wansa, kafin baƙon ya kai ƙofa an naɗe masa shi a takarda. In maƙwabciya ta zo aron dutsen guga, sai ya ɗauko na uwarsu ya ce, "Riƙe kawai, muna da wani," alhali babu wani. Maƙwabta na sa masa albarka, 'yan gida na ta neman kayansu. Amma in alewa ce a hannunsa, ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba. Wata tsohuwa ce ta laƙaba masa Na-Kowa ranar da ya ba ta laimar babansu ana tsakiyar damina, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Ya girma, ya yi karatu daidai gwargwado, ya samu aiki a wani ofis. Aka ba shi ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda injin kwafi yake. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da fanka mai kuka kamar an take mata wutsiya, da warin tawada da ɗumin inji. Aikinsa a kawo takarda ya fitar da kwafi, wani lokaci ya mayar da ita hoto ya tura wa manya a kwamfuta. Aikin da ba ya cin rabin safiya. Sauran yinin kuma ga kwamfuta, ga intanet ɗin ofis wanda ba shi ke biya ba, ga ƙofa mai sakata.

A nan Na-Kowa ya gano abin da aka halicce shi dominsa. Ya buɗe tasha a waya, ya sa mata suna Taskar Na-Kowa. Duk fim ɗin da ya fito, duk waƙar da aka saki, duk littafin da wani ya ƙone idonsa ya rubuta, in dai ya shigo hannunsa, kafin a tashi aiki ya ɗora. Ba kuma haka kawai yake ɗorawa ba, sai ya manna tambarinsa. Tambarin hotonsa ne da baƙin tabarau, ya dafe haɓa kamar mai tunanin yadda za a gyara duniya, a ƙasa an rubuta: Kyauta daga Na-Kowa. A fim tambarin na zaune a kusurwa, in an yi rashin sa'a a kan goshin jaruma. A waƙa kuwa, mawaƙi na tsakiyar baitin da ya fi daɗi sai ka ji wata murya ta kutso kamar mai talla, "Taskar Na-Kowa, taku ce!"

Mutane suka yi ta shigowa kamar an fasa buhun hatsi a gaban kaji. Addu'a kuwa ba a magana. "Allah ya ƙara buɗi, Shugaba." "Ranka ya daɗe, kai ne gatan talaka." "Allah ya biya ka da gidan Aljanna, a ɗora mana kashi na biyu." Kowace safiya sai ya zauna ya karance su tas, shayinsa na hucewa, yana gyaɗa kai kamar wanda ya gina asibiti.

A gida labarin daban ne. Matarsa ta taɓa roƙon ya jona mata data daga wayarsa ta kira ƙanwarta, ya ce mata data ba ruwan famfo ba ce. Abin kunna talabijin ma a aljihunsa yake kwana don kada yara su cinye batir.

Yana da hujjoji, kuma yana son a ji su. Wajen mai aski ya fi baje su, yana naɗe cikin farin ƙyalle, ba mai iya guje masa.

"Ku dubi abin da idon basira," in ji shi. "In na ɗauki akuyarka, ka rasa akuya. To wanda ya yi fim me ya rasa? Fim ɗinsa na nan a hannunsa. Ni haske na ƙara masa. Talla nake masa kyauta, shi ya kamata ya biya ni ma."

Mai aski ya ce, "Haka ne, Malam. Ni ma in ka tashi ba ka biya ba, almakashina na nan a hannuna."

Na-Kowa ya yi dariya har da buga cinya, ya ce mai aski akwai barkwanci. Bai ga inda maganar ta shafe shi ba.

Wata rana wani mawaƙi ya aiko masa da saƙon murya. Ba zagi, ba barazana. Cikin ladabi ya ce don Allah a sauke waƙarsa ko na wata ɗaya ne, bai gama biyan masu kiɗa ba, matarsa kuma ta kusa haihuwa. Na-Kowa ya saurara har ƙarshe, ya manna wa saƙon tambarinsa, ya ɗora a tasha, ya rubuta a ƙasa: "Ku ji masu son duniya." Ranar an sha dariya a Taskar Na-Kowa.

Sau ɗaya aka taɓa ganin ya san zafin haƙƙi. Wani mai tasha irin tasa ya riƙa kwashe abin da ya ɗora, ya goge tambarin Na-Kowa ya manna nasa. Da labari ya iso masa, sai da ya kasa cin abincin rana. Ya kulle ƙofar ɗakin kwafi, ya yi saƙon murya mai tsawon huɗuba.

"Wannan sata ce tsagwaronta! Gumina ne! Ni na nemo, ni na sauke, ni na gyara, wani ƙato ya zo ya kwashe yana kwance. Ina tsoron Allah? Wallahi ban yafe ba, sai mun tsaya a gaban Ubangiji."

Ya dawo gida yana huci, ya ba matarsa labari. Ta dube shi, ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Na-Kowa yana da yaya mace, babbar gidansu, tela ce. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, da keken ɗinkinta aka biya masa makaranta. Duk dangi Yaya suke ce mata, ita kuma har ya yi furfura a gemu Auta take kiransa. Shagonta na bakin titi, kekuna a jere, ƙyallaye a ƙasa kamar ganyen da iska ta kaɗo, tef ɗin awo a wuyanta ko da yaushe. Matan da suka koyi ɗinki a hannunta sun cika unguwanni.

Da idonta ya fara rauni, zare ya fara ƙin shiga allura, sai Yaya ta ce ba za ta tafi da abin da ta sani ba. Ta fara rubuta littafin koyon awo da yanka. Da hannunta ta zana kowane fasali, na wuya, na hannu, na kafaɗa, a kan takardar ruwan ƙasa. In layi ya karkace ta yaga ta sake. Wani zanen hannun riga sai da ta maimaita shi har takardun suka cika kwandon shara, don ta ce in yarinya ta bi zane mara kyau ta lalata yadin mutane, alhakin na wuyanta. Shekaru ta yi tana wannan aiki tsakanin ɗinki da ɗinki. Da ta gama, ta sayar da babban kekenta na aikin ado, wanda ta fi so duk cikin shagon, ta kai wa maɗaba'a kuɗin.

Littafin ya fito da bango shuɗi, sunanta a tsakiya. Wata makarantar koyon sana'a ta yi alkawarin ɗaukar kwalaye da dama in sabon zango ya kama, mai shagon littattafai ma ya karɓi wasu. Yaya ta zo gidan Na-Kowa da kanta, ta ciro guda daga jaka, ta goge bangon da gefen mayafinta, ta miƙa masa.

"Ga naka, Auta. Ba don ka iya ɗinki ba, don ka ajiye."

"Kai, Yaya, ma sha Allah! Wannan ai sai duniya ta san da shi."

Ta ji daɗin maganar, don ba ta san abin da yake nufi ba.

Washegari ya tafi da littafin ofis. Ya sa reza ya yanke ɗaurin, shafukan suka rabu, ya jera su a bakin inji. Inji ya yi ta haɗiya yana fitarwa. Kafin azahar aikin shekarun Yaya ya koma fayil guda. Ya zo manna tambari, ya duba bangon, ya ga babu inda ya fi fili kamar tsakiya. Sai hotonsa da tabarau ya zauna daidai kan sunanta. Ya ɗora, ya rubuta: "Littafin da ake sayarwa da tsada a kasuwa, ga shi kyauta. Ilimi na kowa ne."

Bai taɓa samun addu'a irin ta ranar ba. Telolin da bai san suna cikin tashar ba duk suka fito. Fayil ya tashi daga waya zuwa waya, daga zaure zuwa zaure. Shi kuwa ya kwashe yankakkun shafukan ya cusa a durowa, a ƙarƙashin tsofaffin takardu.

Bai gaya wa Yaya ba. Ya ce a ransa sai abin ya bunƙasa ya ba ta mamaki.

Ita ta zo ta same shi. Wata safiya yana cikin karanta addu'o'insa sai ya ji an turo ƙofar ɗakin kwafi, ba sallama. Yaya ce, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta, alamar daga kan keke ta taso. Ba ta taɓa taka ofis ɗin ba sai ranar.

"Yaya! Lafiya? Zauna mana."

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Makarantar nan sun kira ni. Sun ce ba sa buƙatar littafin, ɗalibansu duk suna da shi a waya. Mai shago ma ya ce in aiko a kwashe nasa. Ina cikin mamaki sai ga wata tsohuwar ɗalibata ta shigo da murna, ta ce, Yaya, kin ga wani littafin ɗinki mai kyau da wani bawan Allah ya rubuta? Ta miƙo min waya. Sai ga zanena. Sai ga fuskarka."

Na-Kowa ya gyara zama, ya yi murmushin wanda zai fahimtar da jahili.

"Yaya, ke ba ki san zamani ba ne. Kin san mutum nawa suka karanta littafin nan yanzu? Da a shago yake, ƙura zai yi ta sha. Ni fitar da ke na yi."

"Ka fitar da ni ina? Ina sunana?"

"Ai wannan ƙaramin abu ne, wuri ne ya yi kaɗan. Ki duba talakawa, Yaya. Yarinyar da ba ta da kuɗin saye fa? A bar ta cikin duhu?"

"Yarinyar da ba ta da kuɗi ni nake ba ta da hannuna, kuma na ba da yawa. Amma ni ce mai bayarwa, Auta, don nawa ne. Kai wa ya aike ka?"

Sai ya tuna da makaminsa. Ya lalubo waya da sauri, ya nemo wani saƙo, ya miƙa mata. Wata yarinya ce daga wani gari mai nisa. Ta ce ita marainiya ce, ba ta da mai koya mata, amma da littafin nan ta yanka rigarta ta farko kuma ta zauna daidai. Ta yi godiya mai tsawo.

Yaya ta ɗaga wayar kusa da idonta tana karantawa a hankali. Fuskarta ta ɗan saki, don abin da ta rubuta littafin dominsa ke nan. Har ta iso layin ƙarshe, inda yarinyar ta ce Allah ya ƙara wa Malam Na-Kowa basira, ya ba shi ikon rubuta wani.

"Ka ba ta amsa?" in ji Yaya.

"Na ba ta."

Ta ja saƙon ƙasa. Amsar tasa kalma biyu ce: Amin, 'yata.

Ta ajiye wayar a kan injin kwafi. Ta ce, "Ina littafin da na ba ka?"

Ya saci kallon gefe. Ta bi idonsa zuwa durowa, ta jawo da kanta. Ta ɗaga takardun sama, ga shafukan littafinta a warwatse, gefensu duk sawun reza. Ta tattara su, ta daidaita bakinsu a kan tebur kamar yadda take daidaita yadi kafin yanka, ta sa a jaka ta fita. Fankar na ta kukanta.

Na-Kowa ya ce a ransa fushin mata ne, zai wuce. Har ya ji ɗan tausayin kansa, mutum ya yi alheri a saka masa da ɓacin rai.

Ranar hutun ƙarshen mako yana kishingiɗe a falo sai ya ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Masu dako suka fara shigo da kwalaye. Suka jera a bango, suka tare taga, suka danne kujerar baƙi, suka bar wata 'yar hanya siririya zuwa ɗakin girki. Yaya ta shigo a ƙarshe.

"Yaya, wannan fa?"

"Littattafan ne. Shagona ba wuri, kuma ni na kasa sayarwa. Kai kake da jama'a. An ce dubbai ne a bayanka, kullum suna maka addu'a. To ka sayar musu."

"Amma Yaya, falon..."

"Ilimi na kowa ne, Auta. Falo ma haka."

Ta gaisa da matarsa, ta shafa kan yara, ta tafi.

Da farko abin bai dame shi ba. Ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne, mutanen da ke cewa za su iya ba da ransu dominsa. Ya ɗauki hoton kwalayen, ya yi sanarwa mai ratsa zuciya. Ya ce marubuciyar yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, dattijuwa ce mai raunin ido, duk mai ƙaunar Na-Kowa ya sayi guda.

Tashar da ba ta taɓa yin shiru ba ta yi tsit kamar an ɗauke wuta. Can wani ya turo hoton hannu biyu na addu'a. Wani ya ce, "Allah ya kawo kasuwa, Shugaba." Wata ta ce ita tana da shi a waya, amma Allah ya ba Yaya lafiya. Wani ya tambaya ko akwai kashi na biyu, a taimaka a ɗora. Sai wani da bai san kunya ba ya rubuta: "Haba Shugaba, kai ma ka fara son duniya?" Aka yi ta danna masa alamar dariya.

Na-Kowa ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya sake sanarwa, ya rage farashi ba da izinin mai kaya ba, ya yi fushi, ya ce mutane ba su da amana. Masu fita daga tashar suka fi masu amsawa yawa. Ya goge fayil ɗin daga Taskar Na-Kowa, wai ko hakan zai sa a saya. Amma abin ya riga ya bazu. Har a tashar abokin gabarsa yana nan, an goge tabarau an manna wata fuskar.

Ya gwada a ofis. Ya bi tebur-tebur da littafi a hammata, yana yi wa akawu da direbobi bayanin yadda ake yanka wuyan riga. Kowa ya juya shafi biyu ya ce ma sha Allah ya mayar masa. Ya dawo gida a gajiye, ya dubi matarsa, ya ce ko ita za ta sayi guda ta buɗe masa kasuwa.

"Ni tun ranar da ya fito na saya a hannun Yaya, Maigida," in ji ta. "Da kuɗina. Yana cikin akwatina, kuma akwatin da makulli."

Kwalayen suna nan a falonsa har yau. Matarsa ta gaji da kallonsu ta lulluɓe su da zanen gado, yara na hawa kai suna tsalle. Shi ya koma harkarsa, don bayan 'yan makonni wani sabon fim ya fito, ya ɗora, addu'o'i suka dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. In an tayar da zancen, cewa yake Yaya ce ba ta iya kasuwanci ba, da ta nemi shawararsa tun farko da ba haka ba.

Yaya ba ta sake sayen babban keken ba. Tana da zane-zanen littafi na biyu, na kayan yara, ta ɗaure su da igiya ta ɗora a saman kabad. Masu koyo na zuwa shagonta kamar da, tana koya musu baki da baki, almakashi a hannu. Abu ɗaya ta ƙara: wani ɗan kwando a bakin ƙofa. Duk wadda za ta shiga darasi sai ta ajiye wayarta a ciki, in ta fito ta ɗauka.

Bayan an kwana biyu dangi suka matsa wa Na-Kowa ya je ya gaishe ta, suka ce ko ba komai ita ta raine shi. Ya sa kaya masu kyau ya tafi. Ya tarar da ita a tsaye bakin tebur tana nuna wa wasu mata yadda ake fitar da kafaɗa. Ya yi sallama. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, ta nuna kwandon da bakin almakashi.

"Sa wayar a nan, Auta, sannan ka shigo."

Ya dubi kwandon. Ya dubi wayar, wadda a daidai lokacin ta yi ƙara, wani na masa addu'a. Ya ce ai ba daɗewa zai yi ba, daga nan ma ya isa. Ya tambayi lafiyarta da ta ido, ta ce da sauƙi. Ya ɗan tsaya yana sauya ƙafa, kekuna na ta sukuwa a bayanta, ba wanda ya ba shi kujera. Tun daga ranar, in ya zo, daga bakin ƙofa yake gaishe ta.